Mutanen da Yaya Ilu Ya Ce In Goge

Ranar Talatar makon jiya Yaya Ilu ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Ba ni na lissafa ba, 'yata Jamila ce ta tuna mini muna tsintar shinkafa. Na ce Allah ya jiƙansa, ta ce amin, muka ci gaba da tsinta. Na ɗan saurara in ji ko wani abu zai motsa a ƙirjina, ban ji komai ba. Ba rashin ƙauna ba ne. Shi ya goya ni, shi ya sa ni a makaranta har na zama malamar firamare a nan Inugu, shi ya aurar da ni. Sai dai ya bar mini wasiyya guda, na cika ta saura kaɗan, kuma wannan kaɗan ɗin duk shekarun nan ya hana ni kuka, ya hana ni mantawa. Kaɗan ɗin kuwa fuskar mahaifiyarmu ce. A makon nan na ƙarasa aikin, shi ya sa na roƙi wannan fili in faɗi yadda aka yi.

Cikin masu karatu, waɗanda suka yi zaman Anaca ko Fatakwal a da za su iya tuna shi da sunan Ilu Fenta. Dogo ne siriri, hula a ƙeya, farcensa ba ya rabuwa da fenti ko ranar Sallah. Sana'arsa zanen manyan motoci, irin masu jikin katako da ke saukowa da shanu da albasa da wake, su koma da manja da goro. In ka taɓa bin bayan wata ka ga mikiya ta baza fukafukai, ko zaki ya ɗora ƙafa a kan dutse yana hararar direban baya, wataƙila hannunsa ne. Amma ba wannan zanen ya sa na ɗauki biro ba. Abin da nake magana a kai yana ɗakina a unguwar Uwani, nan Inugu: alluna ashirin da huɗu na katakon akwatin ganyen shayi, irin na da. A kansu ya zana garin Anaca na bakin Kwara yadda yake kafin yaƙi, sai guda huɗu daga cikinsu na bakin ruwan Borokiri a Fatakwal, inda ya ƙare rayuwarsa.

A Anaca aka haife mu, kuma mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna. Babanmu mahauci ne. Inna tana tuwo da miyar kuka a wata rumfa kusa da inda jirgin fito ke tsayawa. Lokacin babu gada. Duk mai ƙetarawa Asaba, mutum ne ko mota ko sa, sai ya jira jirgi, mai jira kuwa yunwa yake ji, Inna ta san da haka sarai. Gadar ba ta daɗe da buɗewa ba ƙasa ta rikice, muka gudu Arewa da kayan jikinmu. Ina da shekara takwas, Yaya yana saurayi. Inna ba ta yi wata uku a Kano ba zazzaɓi ya ɗauke ta. Ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, cewa take wanda ke son ganinta ya zo rumfa. Saboda haka ni ban riƙe fuskarta ba. Na riƙe ƙanshin daddawa a jikinta, na riƙe yadda take ƙwala mini kira in na matsa bakin ruwa, amma fuska babu.

Bayan yaƙi Baba ya ce shi da Kudu har abada. Yaya ya ce shi bai san wani gari ba, ya tattara ya dawo, daga baya ya je ya ɗauko ni. Abin da ya tarar bai cika son faɗa ba. Kasuwa ta ƙone, unguwarmu ta zama fili, kantunan kamfani sun koma kango. Ya shiga koyon fenti a garejin wani dattijo ɗan ƙabilar Ibo, in an tashi aiki kuma sai ya ɗauko katakon da masu shayi suka yar, da ragowar fentin mota a gwangwanin madara, ya zauna ya mayar da garin yadda ya san shi.

Ga dogayen kantunan kamfani masu jan kwano da ginshiƙai a baranda, da gangunan manja jere a gabansu suna jiran jirgi. Ga gidajen bene na attajiran gari, masu tagogin katako da matakala ta waje. Ga hasumiyar coci can kan tudu, ga masallacinmu na kwano da randunan alwala a bakin ƙofa. Ga kwale-kwalen Nupawa masu rumfar zana, har da murhu a ciki, iyali guda sukan yi wata biyu a kan ruwa ba su kwana a tudu ba. Ga tulin doya ya fi mutum tsayi. Akwai allo ɗaya da ake tura shanu cikin jirgin fito, wani bijimi ya tirje, mutum uku suna jan igiya, na huɗu ya murɗe masa wutsiya. Ko'ina mutane ne maƙil, kuma ba mutanen ƙirƙira ba ne, kowa da sunansa. Yakan ɗora yatsa ya ce, "Wannan Audu Kurma ne ɗan dako. Wannan matar ita ke sayar da kifi banda, ta taɓa marina a kan na taka mata faifai." Ni kuwa in ce da ma ta ƙara masa, ya yi dariya har hular ta faɗi.

Yaya yana da ƙa'idar aiki da ya ɗauko daga gareji, kuma sai na bayyana ta za a gane sauran labarin. Mota tana sake ubangida. Yau ta Alhaji ce, gobe ta wani Ibo, kuma kowane sabon mai ita so yake a cire sunan na baya a sa nasa. Don haka masu fentin mota sukan gama jikin tsaf, su shafe shi da man ƙyalli da suke kira banish, su bari ya bushe ƙarau, sannan su rubuta suna da kirari a sama da fenti mai ruwa-ruwa. Ranar da aka sayar da motar, sai a jiƙa tsumma da tina, ruwan nan mai kaifin wari da ake tsinka fenti da shi, a goge sunan, jiki yana nan kamar ba a taɓa shi ba. Haka ya yi wa allunansa. Sai ya gina gari cif, kowane bango har ƙasa, kowace matakala har ƙarshenta, ya sa banish, ya jingine allon mako biyu ko uku, sannan ya zuba mutane a kai. Na sha yi masa tsiya cewa yana ɓata fenti a kan bangon da mutum zai tsaya ya rufe. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Gari tukuna, Habi, sannan mutane."

A shekarunsa na ƙarshe aiki ya ja baya. Masu motoci sun koma manna sitika, ido kuma ya fara rauni. Matarsa ta riga shi, Allah bai ba su haihuwa ba. Ya kama ɗaki ɗaya a Borokiri, ya lazimci masallaci da zaman karatu bayan la'asar. A nan ya ji bayanin malamai a kan masu zana abu mai rai, cewa ranar tsayuwa za a ce su busa wa abin da suka zana rai. Wani zai ji ya ce Allah ya yafe mana ya wuce. Yaya ba haka yake ba, magana in ta shige shi ba ta fita. Motocin da ya zana dai sun daɗe da tafiya wurin 'yan gwangwan, ba abin da zai iya yi a kansu. Allunan ne suka rage, suna jingine a gefen katifarsa yana kallonsu safe da yamma.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi na bar Inugu na je jinya. Wata ranar Laraba da hantsi, ruwan teku ya janye, warin taɓo da na kifi ya cika ɗakin, ya kira ni.

"Habi, allunan nan ke za ki ɗauka."

"To, Yaya."

"Ki samo tina da tsumma mai laushi. Garin ki bar shi, gini ba shi da rai. Mutanen ki goge mini su. In aka ce in busa musu rai, da me zan busa? Ni da numfashin kaina ma yake gagara ta."

Na so in mayar da abin wasa, na ce, "Har bijimin nan mai taurin kai irin naka?"

"Har shi."

"Har na Inna?"

Ya juya fuska wajen bango, har na zaci barci ya ɗauke shi. Can ya ce, "Shi ne ma ya fi kama, Habi. Duka."

Na ce to. Ni dai "to" ba ta taɓa yi mini wuyar faɗa a gaban Yaya ba. Kwana shida bayan nan ya cika.

Da aka yi arba'in na shimfiɗa tabarma a barandar gidanmu a Uwani na fara. Abin da ya ba ni tsoro shi ne sauƙin aikin. Audu Kurma da buhunsa shafa biyu suka tafi. Mai kifi banda da faifanta, shafa uku. Bayan kowane mutum bango yana nan lafiya lau, har tsagar da ke jikinsa da danshin ruwa a gindinsa, abin da ba wanda ya taɓa gani tun ranar da aka rufe shi. Mutanen suna komawa wata ƙazanta ruwan ƙasa a jikin tsumma, in matse in sake jiƙawa. Kwana tara na yi ina wannan aiki, allo ashirin da uku, ban ji komai ba illa ciwon kai na warin tina. Kamar kankare ƙanzon tukunya haka na ji shi.

Na jera su a jikin katanga suna shan iska sai ga maƙwabciyata Mama Nkechi, wadda ita ma haifaffiyar Anaca ce. Ta tsaya ta gane kantin da babanta ya yi aikin awo a ciki, ta gane matakalar gidan da aka yi bikin yayarta. Sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kasuwa ba kowa, jirgin fito ba kowa, kwale-kwale da wuta a murhu ba mai girki. Ta waiwayo ta ce, "Mama Jamila, wetin happen? Where the people? Dem run?" Tambaya take ina mutanen, ko gudu suka yi. Na ce mata e, gudu suka yi. Ta zauna a bakin baranda ta yi ta kuka. Ni na kawo mata ruwa.

Allo na ashirin da huɗu ya fi sauran ƙanƙanta, kuma mutum ɗaya ne tak a cikinsa. Inna ce zaune a kujerar tsugunno gaban rumfarta, mara a hannun dama, tukunyar tuwo a tsakanin ƙafafu, ta juya kai gefe kamar wani ya kira ta daga bakin ruwa. Kallabi ruwan ƙasa, tsaga biyu a kowane kunci, bakinta a ɗan buɗe ana ganin wushirya. Bayanta kogi ne da jirgin fito da kusurwar kantin kamfani. Tsofaffin da suka san ta sun ce ita ce sak. Ni ba ni da abin da zan gwada da shi, duk abin da na sani na fuskar uwata daga allon nan na same shi. Na ɗauko shi rana ta goma, na jiƙa tsumma, na ajiye tsumman. Na naɗe allon a tsohon mayafi na sa a adaka na kulle, na ce sai gobe. Goben nan ce ta kai shekara goma sha ɗaya.

Kada a zaci zama na yi kawai. Na zagaya malamai kamar mai neman canjin dubu da sassafe. Limamin unguwarmu ya ce wasiyya amana ce, in cika in huta. Ban koma wurinsa ba, ko a hanya gaisuwa ce kawai. Wani dattijo mai karantarwa a wajen kasuwar Ogbete ya ce ba sai an goge ba, in ja layi a wuyan hoton, in an raba kai da jiki ya tashi daga siffar mai rai. Har buroshi na saya. Amma ni 'yar mahauci ce, na san abin da layi a wuya yake nufi, hannuna ya ƙi. Na uku matashi ne mai karatun zamani, ya ce malamai sun saɓa a kan zanen da ba shi da inuwa, rahamar Allah kuma tana da faɗi, in ajiye abina. Wannan ya fi kwanta mini, sau biyu na hau okada na koma don kawai in sake jin maganar. Duk da haka in na dawo gida na kalli adakar, sai abin ya dawo sabo. Yaya ba fatawa ya nema a wurina ba, alkawari ya nema, kuma na ba shi yana kallon bango.

Wani lokaci nakan tambayi kaina, da zai leƙo yau, me zai ce? Bara na je Anaca biki. Yanzu gada biyu ce a kan Kwara. Bakin ruwan nan da ya zana ya cika da shaguna masu hawa-hawa, ga tayil ga gilashi, ga kwantena an mayar da su rumfuna, ga tifofi suna kwasar yashi ba dare ba rana. Na ɗauki ɗan okada muka yi ta kai-komo, ina yi masa kwatance da harshen Ibo, yana ce mini, "Mama, ba wani wuri haka a nan." Inda rumfar Inna take ban iya nuna shi ko da kusa ba. Mutanenmu da yawa sun koma tsallaken Asaba tun rikice-rikicen baya, waɗanda suka rage kuma 'ya'yansu sun fi sakin baki da Ibo da Turancin kasuwa. Na tsaya a wurin ina jiran baƙin ciki ya zo, bai zo ba. Ƙafata ce kawai ta yi ciwo.

Hoto kuwa, wanda ya hana shi sukuni, yau ya zama ruwan sha. Jariri ba a gama yi masa wanka ba an ɗauke shi. Malaman da kansu, in za a yi wa'azi, sai ka ga fuskarsu a ƙyallen talla ta fi ƙofar masallaci girma. Na taɓa raya wa raina cewa da Yaya zai ga wannan, da ya tura hula gaba ya ce, "Habi, bar shi kawai." Amma na san shi. Bai taɓa auna kansa da mutane ba. Cewa zai yi su na'ura ce ta ɗaukar musu, shi kuwa da hannunsa ya yi, yana sane, yana ta gyara ido har sai da ya ga kamar zai ƙifta. Garin dai na tabbata zai yi masa zafi. Sai dai ba zai yi mamaki ba, tunda ya taɓa dawowa ya tarar babu.

Abin da ya tashe ni tsaye ba wa'azi ba ne. Watanni biyu da suka wuce jiri ya kwashe ni a kasuwar Kenyatta, ciwon suga ne, na farfaɗo mata suna yi mini fifita. Abu na farko da ya faɗo mini ba 'ya'yana ba ne, adakar ce. Na san in na mutu Jamila ba za ta goge ba, gilashi za ta sa masa ta rataye a falo, kuma ba zan ga laifinta ba. Shi ke nan Yaya ya zauna jiran abin da ba mai yi masa. Ga kuma yanar ido ta fara rufe mini gani. Na ce in ma ajiyewar ce, nan gaba kaɗan ba gani zan yi ba.

Ranar Alhamis da safe na buɗe adakar. Jamila tana shirin fita shagonta, ta ga kwalbar tina da tsumma a baranda, ta gane. Sau biyu kacal ta taɓa ganin allon, mukullin ba ya barin jikina.

"Mama, don Allah ki bari in ɗauka a waya. Sau ɗaya. Wallahi ba wanda zan tura wa."

"Ke ɗin? Miyar da kika dafa jiya ma sai da Kano ta gani."

"Kakata ce fa, Mama."

"Ni uwata ce. Cewa ya yi a goge. In kin ɗauka ban goge ba, na ƙara yawansa ne."

Ta tsaya tana kallona idonta ya kawo ruwa, ta saɓa jaka ta fice ba sallama. Wataƙila ita ke da gaskiya. Masu karatu da yawa za su ce taurin kai ne irin na tsofaffi, ba zan yi musu ba, a gidanmu muka gada.

Na zauna da allon a cinya kusan awa guda ina haddar fuskar, yadda nake sa yara haddar jadawali. Tsaga biyu, wushirya, girar hagu ta ɗan fi ta dama ɗagawa. Sai a ranar na lura cewa matar nan ba ta kai Jamila shekaru ba. Na yi bisimilla na fara daga ƙasa, daga bakin zaninta, ina jiran yashin bakin kogi ya fito kamar yadda bango ya riƙa fitowa a sauran.

Fentin ya ƙi tashi da sauƙi, sai da na dirza. Da ya tashi, babu yashi a ƙasansa. Katako ne tsura, fari-fari, da jijiyoyinsa. Na matsa sama wajen gwiwa, inda ya kamata ƙafar rumfa ta fito, nan ma katako. Sai na gane. A wannan allon Yaya bai bi ƙa'idarsa ba. Ita ya fara zanawa a kan busasshen katako, tun bai sa kogi ba, tun bai sa kanti ba, ina jin don tsoron kada fuskar ta kuɓuce masa kafin gari ya bushe. Daga baya ya gina garin a kewayenta, ya kawo kowane layi ya tsaya a gefen jikinta. Babu komai a bayanta. Ya sani, shi ya sa ya daɗe yana kallon bango kafin ya amsa mini.

A nan zan iya tsayawa, fuskar tana nan ban taɓa ta ba. Ban tsaya ba. Hannuna ya ci gaba, kafaɗa, mara, kallabi, fuska a ƙarshe. Ba ta ɗauki minti biyar ba. Na yi rashin uwa sau biyu ke nan, na biyun da hannuna, kuma na zauna ina jiran kuka kamar mai jiran mota a tasha, bai zo ba. Na wanke hannu da sabulu sau uku, na ɗora abincin rana. Kafin la'asar na rufe ido na nemi fuskar. Wushiryar tana nan. Sauran ya riga ya fara dushewa.

Da yamma Jamila ta dawo, har yanzu fuska a ɗaure. Allon yana jingine a baranda. Kogi yana nan, jirgin fito yana nan, kusurwar kanti tana nan, a tsakiya kuma wani fili na farin katako mai siffar mace zaune, kai a juye, hannu a miƙe wajen tukunya. Ta durƙusa ta bi gefen da yatsa tun daga kallabi har ƙafa. Can ta ɗago ta ce, "Mama, haka kike zama in kina kwasar tuwo. Har yadda kike karkata kan nan." Ban san ina yi ba. Ba wanda ya taɓa faɗa mini.

To, me ya rage na Ilu Fenta bayan shekara goma sha ɗaya? Bai bar ɗa ba, bai bar gida ba, motocinsa sun narke. Ya bar gari guda da babu shi yanzu a bayan ƙasa sai a kan katakon shayi, an share shi tas ba kowa a ciki. Na daɗe ina ganin na ɓata masa aiki. Amma Mama Nkechi ta baza labari, tsofaffin Anaca da ke zaune a Inugu, nasu da namu, sukan zo su roƙi gani. Sai ka ga dattijo ya ɗora yatsa a barandar da ba kowa ya ce nan babansa ke zama, wata ta nuna matakala ta ce nan ta faɗi ta karye a hannu. Kowa da mutanensa yake zuwa ya zuba, ya kwashe abinsa ya tafi. Ni dai ina zaune ina kallonsu, in ba su ruwa.

Na Inna kuwa jiya Jamila ta buga ƙusa ta rataye shi a falo, karo na farko tun da aka zana shi, tunda yanzu ba limamin da zai ce a sauke. Allah ya jiƙan Yaya, ya jiƙan Inna da Baba, ya jiƙan Audu Kurma da mai kifi banda da duk waɗanda suka tafi a tsummana.

Yaya, ka ce duka, na goge duka. Abin da ya rage a wurin ba fenti ba ne, katako ne, ba wanda zai ce ka busa masa rai. Ka kwanta.